Saita Na'urar Daidaita Zafi a Lokacin Bazara

Na'urar daidaita zafi, wadda masu gyara ke kira tamostat, ƙaramar na'ura ce da ke auna zafin ɗaki, ta kwatanta shi da lambar da mai gida ya zaɓa, sannan ta umarci injin sanyi ya tashi ko ya huta. A yawancin gidajen Amurka da Kanada a jikin bango take, tana juya babban inji guda da ke hura sanyi zuwa ɗakuna ta cikin bututu. A iyakwandishan ɗin bango da aka fi sani a Asiya da Afirka kuwa, tana ɓoye ne a cikin akwatin da ke cikin ɗaki, da rimot ake ba ta umarni. Lambar da za a tsayar da ita a kai a watannin zafi magana ce da ta daɗe tana haɗa mata da miji gardama, ta kuma kai gwamnatoci ga kafa doka, domin kowane digiri guda yana da farashinsa a takardar kuɗin wuta.

Asali

Tun kusan shekarar 1620 wani ɗan Holan mai suna Cornelis Drebbel ya ƙera na'urar da ke riƙe zafin akwatin ƙyanƙyasar ƙwai. A 1830 Andrew Ure, masanin sinadarai ɗan Sikotlan, ya yi rajistar wata da ke aiki da ƙarfe iri biyu manne da juna. Da yake ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa idan ya ji zafi, sai sandar ta lanƙwashe, lanƙwasar nan kuma ita ce ke buɗe hanya ko ta rufe. Wannan dabara ta yi fiye da shekara ɗari tana aiki a gidaje.

Wadda ta fi kusa da ta yau ta fito ne daga jihar Wiskonsin ta Amurka. Warren Johnson malamin kwaleji ne da ya gaji da shigowar mai kula da tukunyar ɗumama makaranta cikin aji don duba zafi, sai ya haɗa na'urar da ke buga ƙararrawa ta sanar da shi daga nesa, ya yi mata rajista a 1883. Albert Butz ya biyo baya a 1886 a Minesota, kuma daga kasuwancinsa ne kamfanin Honeywell ya samo tushe. Duk waɗannan don ɗumama gida aka yi su. Amfani da su wajen sanyi ya zo ne daga baya, lokacin da iyakwandishan ya bazu a gidajen Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 2011 kamfanin Nest ya fito da wadda ke koyon lokutan shiga da fitar mutanen gida, Google ya saye kamfanin a 2014 kan dala biliyan 3.2.

Yadda take aiki

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tamostat makunni ce kawai. Ba totur ba ce. A injin da kwamfiresonsa, wato famfon da ke matsa iskar gas mai kawo sanyi, ke gudu iri ɗaya, abu biyu kaɗai ta sani: tashi da tsayawa. Idan ɗaki yana digiri 34 aka danna 16, iskar da za ta fito sanyinta ɗaya da wadda za ta fito idan 25 aka danna. Bambancin kawai shi ne inda injin zai tsaya. Wanda ya danna 16 don ɗaki ya yi saurin sanyi bai ƙara wa injin sauri ba, ya dai ɗage masa lokacin hutu, kuma sau da yawa yakan manta ya mayar da lambar. Injinan zamani masu inbata sun ɗan bambanta, domin kwamfiresonsu yana ƙara gudu idan tazarar ta yi yawa, ya rage idan an kusa kai wa. Amma su ma suna da iyakar ƙarfi, kuma a ɗaki mai zafi sosai 24 ma ta isa ta sa su gudu da iyakar ƙarfin nasu.

Na'urar tana barin ɗan rata, kamar rabin digiri zuwa digiri ɗaya, tsakanin inda take kashe inji da inda take sake tayar da shi. Ba don haka ba da injin ya riƙa tashi yana mutuwa ba ƙaƙƙautawa, abin da ke gajiyar da kwamfireso. Dalilin da ya sa kuma ake ganin injin ya yi shiru kamar minti uku bayan an dawo da wuta ke nan: jinkiri ne da aka saka da gangan har matsin iskar gas ya daidaita.

Tushen tanadin wuta kuwa lissafi ne mai sauƙi. Zafi yana kwarara daga waje zuwa ciki ta bango da rufi da taga, kuma yawan kwararar ya danganta da tazarar da ke tsakanin zafin waje da na ciki. Idan waje yana 38, ɗakin da aka riƙe a 20 yana da tazarar digiri 18, wanda aka riƙe a 26 kuma 12. Duk zafin da ya shigo sai injin ya kwashe shi ya fitar, da kuɗin mai gida. Hukumar kula da ingancin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa ƙarin digiri ɗaya yana rage kusan kashi 6 cikin ɗari na wutar da injin ke sha. Ƙiyasi ne, yakan hau ko ya sauka gwargwadon ginin da yanayin garin.

Lambar 78 da 'yan uwanta

A Amurka da ma'aunin Faranhait ake magana, kuma lambar da ta fi shahara ita ce 78, wato kusan digiri 25.6 a ma'aunin Salshiyas. Ta samu gindin zama ne a lokacin matsalar man fetur. A watan Yuli na 1979 Shugaba Jimmy Carter ya ba da umarnin kada a sanyaya ofisoshi da shaguna da gine-ginen jama'a ƙasa da 78, kada kuma a ɗumama su sama da 65 a lokacin hunturu. Umarnin bai shafi gidajen zama ba, Ronald Reagan kuma ya soke shi a 1981, amma lambar ta zauna a bakin mutane. Har a watan Yuni na 2021, da wutar jihar Teksas ta yi ƙaranci, 78 ɗin nan hukumar rarraba wutar jihar ta roƙi jama'a su danna.

A 2019 an yi ta cece-kuce a ƙasar kan wani jadawali na Energy Star, shirin gwamnatin ƙasar na tanadin makamashi: 78 idan ana gida, 85 idan an fita, 82 lokacin barci. A Salshiyas kusan 26 da 29 da 28 ke nan. Ta barcin ce ta fi ɓata wa mutane rai, kuma suna da hujja, domin zafin jikin mutum yana sauka idan zai yi barci, ɗaki mai ɗumi kuma yana hana barcin yin nauyi.

Japan ta bi ta wata hanya mai hikima. A 2005 ma'aikatar muhalli, ƙarƙashin minista Yuriko Koike, ta fara shirin Cool Biz: ofisoshi su tsaya a digiri 28, ma'aikata kuma su ajiye kwat da laktaye. Sun gane cewa ba a iya ɗaga lambar bango sai an rage kayan jiki. Sin ta sa 26 ga gine-ginen jama'a a 2007. Indiya ta wajabta wa kamfanoni, daga 1 ga Janairun 2020, su fito da iyakwandishan a saite a kan 24, duk da mai saye na iya canzawa. Sifaniya, a watan Agustan 2022 da iskar gas ta yi tsada saboda yaƙin Yukren, ta sa 27 ga shaguna da ofisoshi da tashoshin sufuri. Wato shawarwarin hukumomi sun taru tsakanin 24 da 28, nesa da 16 ko 18 da ake yawan gani a fuskar rimot.

Abin da jiki ke ji

Lambar da ke bango zafin iska kaɗai take faɗa, jiki kuwa abubuwa da yawa yake ji. Masanin Danmak Povl Ole Fanger, a aikinsa na 1970, ya tattara su zuwa shida: zafin iska, zafin da bango da rufi ke fesowa, laimar iska, motsin iska, kayan da ke jikin mutum, da irin aikin da yake yi. A kan wannan aka gina ƙa'idojin da injiniyoyin gini ke bi. Shi ya sa digiri 26 a ƙasan bene ke da daɗi, amma 26 ɗin a ƙarƙashin kwanon da ya sha rana tun safe ba ta isa ba. A 1998 kuma Richard de Dear da Gail Brager suka nuna cewa mutanen da suka saba da gidaje masu buɗaɗɗun tagogi a ƙasashe masu zafi suna jin daɗi a zafin da ya fi wanda lissafin Fanger ya hango. Sabo yana da nasa rabon.

Cikin shidan nan, laima da motsin iska su ne mai gida ya fi iya juyawa da araha. Iyakwandishan ma asalinsa maganin laima ne: Willis Carrier ya ƙera nasa a 1902 don wata maɗaba'a a Buruklin, wani yanki na birnin New York, da danshi ke sa takardunta kumbura. Idan iska ta jiƙe, gumi ba ya bushewa, sai mutum ya ji zafi ko da lambar ta sauka. Ana son laimar cikin gida ta kasance ƙasa da kashi 60 cikin ɗari. Injin da ya fi ƙarfin ɗakin da aka sa shi yana saurin kai wa lambar ya tsaya kafin ya tsotse danshin, sai a samu ɗaki mai sanyi amma jiki na danƙo. Haka nan barin fankar injin tana gudu bayan kwamfireso ya tsaya yana mayar da ruwan da ya taru cikin iska.

Fankar sama kuwa, a cewar ma'aikatar makamashi ta Amurka, tana ba da damar ɗaga tamostat da kusan digiri 2 na Salshiyas ba tare da an ji bambanci ba. Fanka tana shan wat 50 zuwa 75, iyakwandishan ɗin ɗaki ɗaya kuma yakan wuce wat dubu. Sai dai fanka mutum take sanyayawa ta hanyar busar masa da gumi. Barinta tana juyawa a ɗakin da ba kowa asarar wuta ce.

Idan an fita, da kuma dare

Akwai tsohuwar magana cewa gara a bar injin yana aiki yini guda, wai sake sanyaya gidan da ya ɗau zafi ya fi cin wuta. Lissafin tazara bai goyi bayanta ba: gidan da aka bari ya ɗumama yana rage saurin shan zafi daga waje, don haka jimillar zafin da za a kwashe da yamma bai kai wanda za a yi ta kwashewa tun safe ba. Ma'aikatar makamashin Amurka ta ce sauya lambar da digiri 7 zuwa 10 na Faranhait na tsawon awa takwas a rana na iya rage har kashi 10 cikin ɗari na kuɗin ɗumamawa da sanyayawa a shekara. A garuruwa masu laima an fi son a ɗaga lambar maimakon a kashe gaba ɗaya, saboda fumfuna.

Don wannan aka ƙirƙiro tamostat mai jadawali, amma mutane da dama ba su taɓa saita jadawalin ba, har shirin Energy Star ya daina sa musu tambarinsa a 2009. Masu haɗi da intanet sun zo cike wannan giɓi, su kuma da nasu sharaɗin: wanda ya shiga shirin rangwamen kamfanin wuta ya ba kamfanin izinin ɗaga masa lambar daga nesa a ranakun da buƙata ta yi yawa. A rimot ɗin injin bango akwai maɓallin barci, wanda a yawancin injina yake ɗaga lambar kaɗan-kaɗan a sa'o'in farko na dare.

Tanadi yana da iyaka idan akwai tsofaffi ko jarirai ko marasa lafiya a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a lokacin tsananin zafi a riƙe ɗaki ƙasa da digiri 32 da rana, ƙasa da 24 da dare.

Wurin da aka kafa na'urar ma yana iya ruɗe ta. Bangon ciki ake so, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, inda rana ba ta haskawa, nesa da kicin da talabijin da fitila. Idan ta ji zafin da ba na ɗakin ba, injin zai yi ta aiki a banza.

A ƙasashen Sahel

A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, kuma busasshe ne kafin saukar damina. A irin wannan rana injin bango da wuya ya iya kai ɗaki 16, don haka wanda ya danna ta ya hana kwamfireso hutu ne kwata-kwata. Tun da aka ɗaga farashin wutar rukunin Band A a Najeriya zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, masu mitar kati suka fara ganin abin da idonsu. Injin da ke shan wat 1,200, idan ya yi awa takwas bai tsaya ba, ya cinye yunit 9.6, wato naira 2,160 a wancan farashin, a dare ɗaya, a ɗaki ɗaya. Idan aka ɗaga lambar har ya samu hutun kashi ɗaya cikin uku na lokacin, kusan naira 700 ta rage a aljihu. Ga mai janareta ko mai sola, lissafin yana komawa kan litar mai da ƙarfin batir.

Ƙura ita ce ƙarin matsalar yankin. Matatar iskar da ta toshe bayan hunturu tana rage iskar da ke ratsa injin, ɗaki ya ƙi sanyi, mai gida ya ɗauka lambar ce ta yi sama ya ƙara sauke ta. Masu gyara kan fara da cire matatar su wanke kafin su duba gas.