Yaro a ƙaramar sakandare na buƙatar aboki ɗaya na ƙwarai

Iyaye da malamai, yaron da ya shiga ƙaramar sakandare, mai shekara 11 zuwa 14, abu biyu ke zo masa lokaci guda: balaga ta fara taɓa jikinsa, kuma ya rabu da abokan firamare ya faɗa cikin baƙin fuskoki. Daga nan ne yake rage kawo muku damuwarsa, yana kai wa sa'o'insa. Kada ku ɗauka raini ne, haka girma ke tafiya. Abin lura shi ne, yana da wanda zai kai wa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa sun riga sun soma zuwa shekara 14, kuma ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da irinsu. Rahoton 2019 na UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya a wata. Masu cin zali kuwa sun fi far wa wanda ba shi da mai tsaya masa. Aboki ɗaya tak da zai zauna kusa da yaro lokacin tara, ya ce "ku ƙyale shi", yana rage wannan haɗari sosai. Ba yawan abokai ake nema ba.

Ta yaya za ku gane ɗanku ko 'yarku na cikin kaɗaici? Ciwon ciki ko ciwon kai da safe ranar makaranta, wanda ke ɓacewa ranar hutu. Daina ambaton sunan kowa. Rashin barci, rage cin abinci, faɗuwar maki ba dalili. Tambayar "yaya makaranta?" ba ta fito da komai, "lafiya lau" za a ce muku. Ku tambaya: "Da wa ka zauna yau?" ko "Wa kike faɗa wa in ranki ya ɓaci?"

Kuskuren da aka fi yi shi ne raba yaro da aboki da ƙarfin tsiya. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai auna sakamako bai gama nuna ba sai bayan shekara 20, shi ya sa yaro ya fi yin ganganci a gaban sa'o'insa, kuma tsoron iyaye gaskiya ne. Amma in kun hana, abotar sai ta koma ɓoye, inda ba ku gani. Gara ku gayyato abokin gida, ku san iyayensa, ku soki halin da kuka gani ba shi kansa yaron ba. In akwai shaye-shaye, duka ko tazarar shekaru mai yawa, nan kam ku shiga tsakani nan take.

Mai jin kunya a sa shi cikin wasan motsa jiki ko ƙungiyar makaranta da ke haɗuwa ko da sau ɗaya a mako, don yawan haɗuwa ke haifar da sabo. Malamai su riƙa raba aikin rukuni da kansu, mutum uku ko huɗu, kada a bar wani ba mai zaɓensa. Waya kuma ta kwana a wajen ɗaki, domin ɗan shekara 13 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.

In alamun nan sun wuce mako biyu, ku ga malamin aji da ma'aikacin lafiya. In yaro ya ambaci cutar da kansa, a kai shi asibiti a ranar.