Bargon Ƙyallaye a Adabin Amurka

Bargon ƙyallaye abin lulluɓa ne da ake ɗinkawa daga guntayen yadi masu launi iri-iri, kuma yana cikin kayan ɗaki da marubutan Amurka, musamman mata, suka fi jingina da su idan za su yi magana a kan gadon kakanni, asali da matsayin mace a gida. Hawa uku gare shi: saman da aka harhaɗa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, da shimfiɗar yadi guda a ƙasa, sannan a bi duka da allura da zare ko kuma a ƙuƙƙulle su wuri-wuri. Kowane tsarin haɗi yana da sunansa, kuma mai ɗinki takan gane hannun wata da ganin tazarar ɗinkinta.

Sana'ar ta bunƙasa ne a ƙarni na 19, lokacin da masaƙun arewa maso gabashin ƙasar suka sa yadin auduga ya yi araha, audugar da bayi baƙar fata ke nomawa a jihohin kudu. Ba kowane bargo aka yi da tsumma saboda talauci ba, domin masu hali sukan sayi sabon yadi musamman don wannan aiki. Idan an gama haɗa saman, mata maƙwabta sukan taru a gida ɗaya su ƙarasa ɗinkin tare, kamar aikin gayya, galibi gabanin auren wata budurwa. Harriet Beecher Stowe ta keɓe babi guda ga irin wannan taro a littafinta The Minister's Wooing na 1859, ita kuwa Eliza Calvert Hall, a Aunt Jane of Kentucky na 1907, ta kawo tsohuwar da ta ɗauki bargunanta a matsayin kundin tarihin rayuwarta, tana tuna kowane mutum daga ƙyallen rigarsa.

Wadda ta mai da bargon shaida a kan zaman aure ita ce Susan Glaspell, a gajeren wasanta Trifles na 1916, wanda ta sake rubutawa a matsayin labari mai suna A Jury of Her Peers a 1917. Tushen labarin shi ne kisan wani manomi a jihar Ayowa a 1900, wanda ta ɗauko rahotonsa tana 'yar jarida. A wasan, an shaƙe mai gida da igiya a kan gadonsa, an kuma tsare matarsa Minnie Wright. Maza masu bincike suna ta kai da kawowa tsakanin bene da rumbu suna neman dalilin kisan, mata biyu da suka rako su kuwa suna madafi suna tattara wa wadda aka tsare kayan sawa. Su ne suka lura cewa ɗinkin bargon da ta fara yana tafiya daidai sai a ƙyalle guda, inda zaren ya karkace kamar hannun mai shi yana rawa, kuma a cikin kwandon ɗinkin suka sami tsuntsunta a mace, an murɗe masa wuya. Ɗayarsu ta warware mummunan ɗinkin ta gyara, suka ɓoye tsuntsun. Mazan sun yi musu dariya da suka ji suna tambayar juna ko matar ta yi niyyar bin bargon da ɗinki ne ko ƙulle shi, ba su gane cewa amsar da matan suka ba su daga baya, wato ƙulle shi za ta yi, tana nuni ga igiyar da aka ƙulla a wuyan mamacin ba. A wancan lokaci yawancin jihohi ba sa barin mace ta zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci, don haka abin da matan nan suka yi shi ne kaɗai shari'ar da 'yan'uwanta mata za su iya yi mata.

Labarin da aka fi karantawa a makarantu kan wannan batu shi ne Everyday Use na Alice Walker, wanda ya fito a 1973. Wata uwa baƙar fata a ƙauyen kudu tana da 'ya'ya mata biyu. Dee ta tafi birni ta yi karatu, ta dawo da sabon suna, Wangero, tana cewa ba za ta ci gaba da amsa sunan da ya fito daga waɗanda suka bautar da kakanninta ba, alhali uwar tana iya bin sunan daga innar Dee zuwa kakarta har can baya. Maggie kuwa tana gida, mai kunya, da tabon gobara a jikinta. Rigimar ta tashi a kan barguna biyu da aka ɗinka da hannu daga rigunan kakarsu, har da wani ɗan shuɗin ƙyalle daga kakin sojan da kakan kakansu ya sa a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865. Dee tana so ta rataye su a bango, tana ganin ƙanwarta za ta shimfiɗa su har su yage. Uwar, wadda ta riga ta yi wa Maggie alkawarinsu na aure, ta fizge su ta ɗora mata a cinya, tana da hujjar cewa Maggie ta iya ɗinkin, idan sun tsufa za ta yi wasu.

Masu sharhi da yawa suna ɗora wa Dee laifi kacokan, amma wannan bai yi mata adalci ba. Ta yi kuskure da ta raina mutanen da gadon yake hannunsu, sai dai ta yi gaskiya cewa aikin tsofaffin matan nan fasaha ce mai daraja da aka daɗe ana yi wa kallon banza. Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Jojiya a 1837, ta sayar da bargonta mai hotunan labaran Baibul a kan dala biyar saboda matsi, yau kuwa yana ajiye a gidan tarihin Smithsonian. A 1971 gidan adana zane na Whitney a New York ya rataye barguna a bango kamar zanen fenti, kuma a 2002 aka fara baje kolin aikin matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, jikokin bayi, wanda ya ja hankalin duniya.

Walker ta koma ga bargon a The Color Purple na 1982, inda Celie, tauraruwar labarin, da Sofia, matar ɗan mijinta, suka shirya bayan saɓani ta hanyar haɗa bargo daga yagaggun labulaye, wata mawaƙiya mai suna Shug kuma ta ba da tsohuwar rigarta ruwan ɗorawa aka sa a ciki. A Beloved na Toni Morrison, na 1987, tsohuwa Baby Suggs da bauta ta raba da 'ya'yanta tana kwance a ƙarshen rayuwarta ba ta son komai sai ganin launi, kuma ƙyallaye biyu ruwan lemo a jikin wani bargo mai duhu su ne abin da ke da haske a ɗakin. Mai sharhin adabi Elaine Showalter, a wata maƙala ta 1986, ta kwatanta yadda matan Amurka ke gina labari daga gajerun sassa da yadda suke haɗa ƙyallaye.

Akwai kuma labarin da ya yaɗu bayan fitowar littafin Hidden in Plain View a 1999, cewa bayi masu gudu zuwa arewa suna karanta hanya daga tsarin bargunan da aka shanya a waje. Littattafan yara da dama sun ɗauki wannan, amma masana tarihin bauta da na ɗinki ba su sami shaidarsa ba, ko a rubuce-rubucen zamanin ko a hirarrakin da aka yi da tsofaffin bayi a shekarun 1930.