Me ake nufi da "login shell"?

Wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a nan Bauchi ya same ni a Yelwa, ransa a ɓace. Ya saka wata manhaja a kwamfutarsa mai Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, ya ƙirƙiri fayil mai suna .bash_profile, ya rubuta layin PATH a ciki domin na'urar ta san inda manhajar take. Ya rufe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ya sake buɗewa, ta ce ba ta san umarnin ba. Da ya shiga kwamfutar daga ta abokinsa ta hanyar SSH, wadda ake shiga kwamfuta da ita daga nesa, sai manhajar ta tashi lafiya lau, amma launukan rubutu da gajerun umarnin da ya saba duk suka ɓace. Ya ce, "Yaya, ko dai na lalata ta ne?"

Bai lalata komai ba. Shel iri biyu ne ya ci karo da su bai sani ba.

Shel ita ce manhajar da ke karɓar abin da ka rubuta a baƙin allon nan ta aiwatar. Wadda aka fi samu a Linux ita ce Bash, wadda Brian Fox ya rubuta wa shirin GNU, ta fito a 1989 domin ta maye gurbin ta Stephen Bourne da ta zo da Unix a 1979. A wancan zamanin mutane da yawa ne ke amfani da kwamfuta ɗaya, kowa sai ya ba da sunansa da kalmar sirri kafin a bar shi ya taɓa komai. Shel ta farko da ake ba mutum bayan an tantance shi, ita ce login shell, wato shel ta shiga.

Ka ɗauke ta kamar zaure. Baƙo a nan yake sallama, a nan ake sanin ko wane ne, a shimfiɗa masa tabarma. In ya riga ya shiga gida, ba ya sake wannan doguwar gaisuwa a bakin kowane ɗaki.

To haka Bash take. In ta tashi a matsayin shel ta shiga, sai ta karanta /etc/profile, wanda na kowa ne, sannan ta nemi fayil uku a gidan mai shiga, wato babbar foldarsa, bi da bi: .bash_profile, .bash_login, sai .profile. Na farkon da ta samu kaɗai take karantawa, ta ƙyale sauran. Wannan ƙa'ida ce ta kama ƙanena. A Ubuntu, .profile ne ke kiran .bashrc, inda launuka da gajerun umarni suke. Ranar da ya ƙirƙiri .bash_profile, sai ya tare wa .profile hanya. Tagar taminal ta yau da kullum kuwa ba ta shiga ba ce, .bashrc take karantawa, shi ya sa ba ta ga layin da ya rubuta ba.

Sanin wacce kake ciki ba wuya. Rubuta echo $0. In ka ga -bash da ɗan layi a gaba, ta shiga ce. Umarnin shopt login_shell ma zai faɗa maka. Irin wannan ɗan layin ne kuma ya raba umarnin "su" da "su -", waɗanda ake komawa asusun wani mai amfani da su: na biyun yana kai ka gidan wancan mai amfani da dukkan saitinsa, na farkon yana barin ka inda kake tsaye da yawancin kayanka na da. Mai kula da saba (server) ya riƙe wannan da kyau.

Masu Mac su lura, Terminal ɗinsu tana buɗe shel ta shiga a kowace sabuwar taga, kuma tun 2019 Apple ta koma wata shel mai suna zsh, mai amfani da .zprofile da .zshrc. Shi ya sa bayanin da mai Mac ya rubuta yakan ƙi aiki a Ubuntu.

A ganina, abin da ake so a kafa sau ɗaya kowace manhaja ta gada, irin su PATH, wurinsa .profile. Abin da ya shafi jin daɗin rubutu, launi da gajerun umarni, a bar shi a .bashrc. Haka muka yi: muka mai da layin cikin .profile, muka goge .bash_profile, ya fita daga asusunsa gaba ɗaya ya sake shiga. Manhajar ta amsa a taminal, launuka kuma suka dawo ta SSH.