Wai mene ne "kuran maren"? Ba wutar lantarki ba ce fa

Shekaranjiya ƙanwata ta dawo daga lise da kayen jiyografi, ta ce "Yaya, wai teku ma yana da kuran?" Na yi dariya har da riƙe ciki, amma ba laifinta ba ne, mu nan Garwa in aka ce kuran ai wuta ce, wadda ake ɗaukewa kana tsaka da cajin waya.

To kuran maren da Faransanci, in za ka faɗa da Hausa, kogi ne a cikin teku. Ba igiyar ruwan da ke dukan gaɓa ta koma ba, wannan daban. Shi ruwa ne mai hanya, yana tafiya dare da rana kamar Binuwai, sai dai ba shi da gaɓa, ruwa ne a cikin ruwa. Iska ce ke tura na sama, juyawar duniya ta lanƙwasa shi, na can ƙasa kuma sanyi da gishiri ne ke sa shi nauyi ya nutse. Akwai mai ɗumi irin Gulf Stream da ke fitowa ta wajen Fulorida a Amurka ya nufi Turai, shi kaɗai ya fi duk kogunan duniya ruwa in an haɗa su. Akwai mai sanyi irin Bengela ta gefen Namibiya da Angola.

Duk wannan bayanin yarinya kallona kawai take, ita da ko Duwala ba ta taɓa zuwa ba, a littafinsu kuma kibiya ja da shuɗiya ce kawai a kwance.

Sai na buɗe mata earth.nullschool.net a waya, taswira ce mai motsi da Cameron Beccario ya yi a 2013, kyauta, sai dai rezo ya sha mana kai kafin ta buɗe, mega ta kuma ci. Ka zaɓi ɓangaren teku sai ka ga zare-zare suna rarrafe, ka murza duniyar da yatsa, ka taɓa wuri ta nuna maka gudun ruwan. Na ce nemo Kamaru. Ta samo Kiribi da Limbe, ta ja da baya kaɗan, ga ruwa yana biyo gaɓar Kodibuwa da Gana ya nufo gabas wajenmu, wato kuran na Gini kenan. Na ce mata ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Garwa ma can yake ƙarewa, ya haɗu da Kwara a Lakwaja ya faɗa teku, kuma iskar da ke kawo mana damina daga kan wannan tekun take ɗebo laima.

Shiru ta yi tana ta murza waya, sai da batir ya yi ja na karɓe da kyar, kuma daidai lokacin aka ɗauke namu kuran ɗin.