Mahaɗar sauti a rediyon masu sha'awa

Mahaɗar sauti wata 'yar na'ura ce da ke shiga tsakanin kwamfuta da rediyon masu sha'awa, wato masu lasisin magana da juna ta iska ba don kasuwanci ba. Ana bukatarta idan kwamfuta ce za ta mayar da murya lambobi, kamar yadda manhajar FreeDV ke yi da Codec 2, tsarin matse murya da David Rowe ɗan Ostireliya ya ƙirƙiro. Rediyoyin D-STAR da DMR, wasu tsare-tsaren mayar da murya lambobi, ba ruwansu da ita, don a cikinsu ake yin wannan aikin.

Ban da kai sauti da dawo da shi, ita ke kunna PTT, maɓallin da ke sa rediyo watsawa. A nan na'urorin suka sha bamban. SignaLink USB ta kamfanin Tigertronics saurare take yi, da ta ji sauti daga kwamfuta sai ta kunna. Haɗa ta ba wuya, sai dai idan aka yi sakaci wajen saiti, har ƙarar shigowar saƙo a kwamfuta sai ta bi iska. Digirig kuwa umarni take jira daga manhaja. Masu haɗa tasu da hannu sukan sayi katin sauti, wato abin da ke shigar da sauti kwamfuta ya kuma fitar da shi, mai araha mai guntun lantarki CM108 na kamfanin C-Media, su jona waya a ɗaya daga ƙafafun guntun don kunna PTT.

Abin da ya fi cancantar a biya wa kuɗi shi ne ƙananan tiransifoma da ke raba wutar kwamfuta da ta rediyo. In babu su, gurnanin lantarki mai 50 Hz, ko 60 a Amurka, kan kutsa cikin sauti. Idan kuma kwamfuta na yanke hulɗa da na'urar da zarar an fara watsawa, akan naɗe wayar USB a zoben ferait, wani zobe da ke rage kutsen siginar rediyo a cikin waya.

Rediyoyi irin su Icom IC-7300 da Yaesu FT-991A da katin sautinsu a ciki suke zuwa, wayar USB ɗaya ta wadatar. Duk da haka, mai son magana a FreeDV sai da kati biyu: ɗaya na rediyo, ɗaya na makirufo da lasifikar kunne. Sababbin shiga kan manta da na biyun. Na'urar SM1000 ta kamfanin Rowetel ta raba gardama, domin ana jona ta kai tsaye da rediyo, ba kwamfuta sam.