Maurice Turnbull na Wales: Tambayoyi da Amsoshi kan Rayuwarsa da Wasansa

Wane ne Maurice Turnbull?

Ɗan wasan kurket (wasan da ake bugun ƙwallo da sanda) ne da aka haifa a Cardiff, babban birnin Wales, ranar 16 ga Maris 1906. Ya fara buga wa ƙungiyar gundumar Glamorgan ta Wales wasa a 1924 tun yana ɗan makarantar sakandare ta Downside, daga baya kuma ya zama kyaftin ɗin Jami'ar Kambirij a 1929.

Tun da ɗan Wales ne, me ya sa ya buga wa Ingila?

Wales ba ta da tawagar kanta a manyan wasannin ƙasa da ƙasa da ake kira Test, don haka duk ɗan Wales da ya yi fice tawagar Ingila yake shiga. Turnbull ne ɗan Glamorgan na farko da ya samu wannan dama, a karawar da aka yi da New Zealand a Janairun 1930. Wasanni 9 ya buga wa Ingila, kuma maganar gaskiya ba nan ya yi suna ba, domin mafi yawan makin da ya ci a zagayen bugu ɗaya 61 ne.

To, a ina ya yi fice?

A gida. Lokacin da aka ba shi kyaftin a 1930, Glamorgan tana can ƙasan teburi, bashi ya yi mata katutu, har ana fargabar za ta fice daga gasar gundumomi da ta shiga a 1921. Turnbull ya haɗa shugabancin 'yan wasa da aikin sakatare, shi da abokin wasansa a ƙungiyar Johnnie Clay suka riƙa bin garuruwan kudancin Wales a lokacin sanyi, suna shirya walima da raye-raye domin tara kuɗi, suna kuma neman matasan yankin maimakon ɗauko tsofaffin 'yan wasa masu tsada daga Ingila. A filin wasa ma bai yi sanya ba: a 1937 ya ci maki 233 a kan Worcestershire a Swansea. A ganina wannan aikin ceto ya fi duk makin da ya ci muhimmanci, domin da ƙungiyar ta durƙushe, da babu zancen kofin gasar gundumomi da ta ɗauka a 1948.

Kurket kaɗai ya iya?

A'a. Ya buga wa Wales ƙwallon zari-ruga sau biyu a 1933, ciki har da wasan da suka fara doke Ingila a filin Twickenham, ya kuma wakilce ta a wasan hoki.

Yaya ya rasu?

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya shiga rundunar Welsh Guards ta sojojin Birtaniya, har ya kai muƙamin manjo. Harsashi ya same shi kusa da ƙauyen Montchamp da ke Normandi a Faransa ranar 5 ga Agusta 1944, yana da shekara 38.