Filin Sukuwa na Ascot

Ascot filin tseren dawaki ne da ke gundumar Berkshire a kudancin Ingila, kimanin mil 6 daga fadar Windsor, kuma yana cikin tsofaffin filayen sukuwa da ake amfani da su har yau a Birtaniya. Sarauniya Anne ce ta kafa shi a shekarar 1711, bayan ta fita kilisa daga Windsor ta tarar da wani fili mai faɗi wanda ta ga ya dace da dawaki su miƙe ƙafa a kansa. An yi tseren farko ranar 11 ga Agusta na wannan shekarar, aka sa kyautar gini 100, wato tsabar zinare ta lokacin, kuma kowane doki ya ɗauki nauyin da ya kai kilo 76. Tseren kansa zagaye uku ne, kowanne mil 4, abin da ke nuna cewa juriya ake nema a wurin dawakin wancan zamani fiye da zafin gudu. A 1813 majalisar dokokin ƙasar ta yi doka da ta tabbatar da filin zai ci gaba da zama wurin sukuwa na jama'a.

Yanayin filin

Hanyar tseren ciyawa ce, tana da siffa mai kusurwa uku, kuma dawaki suna zagaya ta ne ta hannun dama. Tsawon zagayen ya ɗara mil ɗaya da rabi, akwai kuma wata miƙaƙƙiyar hanya mai mil ɗaya wadda ba ta da kwana ko kaɗan. Abin da ya sa mahaya ke girmama Ascot shi ne tudunsa. Daga gangaren da ake kira Swinley Bottom, wanda shi ne wuri mafi ƙasa a filin, hanya tana ta hawa har kusan mita 22 kafin a kai ga layin ƙarshe, saboda haka dokin da aka sake wa linzami da wuri yakan gaji a daidai inda ake buƙatar ƙarfinsa. Mahayin da ya san filin yakan riƙe dokinsa a gangare, ya bar shi ya tara numfashi, sai an shigo kwanar ƙarshe ya sake shi. A daidai wannan kwanar ake kaɗa ƙararrawa, al'ada ce ta filin, kuma da jin ta 'yan kallo kan miƙe tsaye.

An rufe filin a 2004 domin sake gina rumfar 'yan kallo, aikin da ya ci fiye da fam miliyan 200, har ya sa aka kai babban taron 2005 birnin York. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta sake buɗe shi a watan Yuni na 2006.

Yadda wunin sukuwa yake gudana

Ana yin tsere a Ascot a kowane yanayi na shekara, na gudu a shimfiɗe lokacin zafi, na tsallake shinge kuma lokacin sanyi tun daga 1965. Sai dai taron da ya fi shahara shi ne Royal Ascot, kwana biyar a watan Yuni, daga Talata zuwa Asabar, wanda kusan mutum 300,000 ke halarta. Da yawa daga cikinsu jirgin ƙasa suke shiga daga tashar Waterloo ta Landan, tafiyar kusan awa ɗaya, sannan su taka da ƙafa daga tasha zuwa ƙofar filin. Ana buɗe ƙofofi tun da hantsi, mutane su ci abinci, su sayi ɗan littafin da ke ɗauke da sunayen dawakin ranar, da na masu su da masu horar da su, da nauyin da kowanne zai ɗauka, da launin rigar mahayinsa.

Da ƙarfe 2 na rana ayarin gidan sarauta yake shigowa cikin kekunan doki marasa rufi, ya bi miƙaƙƙiyar hanyar nan har gaban rumfa. Sarki George na Huɗu ne ya fara wannan al'ada a 1825. Bayan rabin awa sai a fara tseren farko, a ci gaba har bakwai, da tazarar kusan minti 35 tsakanin kowane biyu.

Mai son ya fahimci sukuwa da gaske, wannan tazarar ce ya kamata ya fi ba muhimmanci, domin a cikinta ake ganin doki kusa da kusa. Kafin kowane tsere ana auna mahayi tare da sirdinsa, idan bai kai nauyin da aka ƙayyade ba a ƙara masa dalma a cikin shimfiɗar sirdi. Daga nan barori su zagaya da dawakin a wani da'irar fili da ke bayan rumfa, inda masu ido ke duba sheƙin fata, da yadda doki ke taka ƙasa, da ko ya jiƙe da gumi tun kafin a hau shi, domin dokin da ya cika zumuɗi yakan ƙarar da ƙarfinsa a banza. A tsakiyar da'irar mai doki da mai horarwa suke ba mahayi umarnin ƙarshe, sannan a ɗaga shi ya hau, ya wuce zuwa akurkin tashi. Tsere mafi gajarta, na mita 1,000, minti ɗaya kawai yake ɗauka. Idan dawaki biyu suka iso kai da kai, hoto ne yake raba gardama, kuma ba a tabbatar da sakamako sai an sake auna mahayan da suka zo kan gaba, alƙalai kuma sun gamsu cewa babu wanda ya tare wa wani hanya. Ana yin caca a filin bisa dokar ƙasar, amma ba dole ba ce ga mai kallo, kuma mutane da yawa sukan wuni ba su sa ko sisi ba. Bayan tseren ƙarshe jama'a kan taru a gindin rumfar makaɗa su yi waƙoƙi tare kafin a watse.

An raba wurin 'yan kallo sassa-sassa, kowanne da ƙa'idar suturarsa. A sashen sarauta maza sai da doguwar kwat mai wutsiya da doguwar hula, mata kuma sai da malafa. A 1910, bayan rasuwar Sarki Edward na Bakwai, mahalarta sun zo cikin baƙaƙen kaya na makoki.

Manyan tsere da gwanayensu

Kofin Zinare, wanda aka fara a 1807, shi ne tseren da ya fi daraja a makon, ana yin sa ranar Alhamis a kan nisan mil biyu da rabi, wato kusan mita 4,000. Shi ne ya fi kusa da ainihin manufar filin ta farko, domin sai doki mai dogon numfashi yake iya cin sa. Wani ingarma mai suna Yeats ya lashe shi sau huɗu a jere daga 2006 zuwa 2009, sannan a 2013 goɗiyar Sarauniya Elizabeth mai suna Estimate ta ci shi, karo na farko ke nan da mai riƙe da sarautar Birtaniya ya samu wannan kofi da dokinsa. A watan Yuli kuma ana yin tseren da aka sa wa sunan Sarki George na Shida da matarsa, wanda aka soma a 1951.

Ranar 28 ga Satumba 1996 mahayin nan ɗan Italiya, Frankie Dettori, ya ci duka tsere bakwai na wunin, bajintar da ta sa aka kafa mutum-mutuminsa a filin. A nan ne kuma Frankel, dokin da masana da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin zamaninsa, ya yi tserensa na ƙarshe a watan Oktoba na 2012, ya koma barga da nasara 14 cikin fita 14.